Na yi wa ƙanena ƙarya, iri ya mutu a ƙasa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Sati uku ke nan ina rubutawa ina gogewa, yau dai na daure. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni mutumin Dakoro ne, lakwal ɗina, wato makarantar boko, ta tsaya a aji shida, na koma gona don ƙanena ya ci gaba. Allah ya ba shi kai, ya samu bursu, wato tallafin karatu, ya tafi waje, yanzu binciken sararin sama yake yi. Na sha tambayarsa mene ne aikin, ya ce Yaya, akwai wani abu da ya fi taurari duka yawa, ba a ganinsa, nauyinsa kawai ake ganewa, kamar ka ga sawun raƙumi ba ka ga raƙumin ba. Su kuma suna neman alamarsa cikin wani haske da ido ba ya gani, wai shi gamma. Na ce kun samu? Ya yi dariya ya ce tukuna, wai rashin samu ma sani ne. Shekara bakwai fa! Wannan zan kai wa mutane?

Bana ruwa ya yi jinkiri. Ran kasuwa kawunmu na wajen Roumbou ya tare ni gaban jama'a, ya ce ina malamin taurarinku, a tambayo mana ranar ruwa, ko shi ma ruwan cikin abin da ba a gani yake? Aka kwashe da dariya. Na kira yaron, ya ce shi bai san komai kan ruwa ba, a saurari masu hasashen yanayi a rediyo. Ni da ko canjin dala na wani ba na iya riƙewa, kunya ta sa na koma na ce wa kawu yaron ya ce cikin kwana bakwai za a yi ruwan shuka.

Ban zaci zai ɗauka ba. Kawu ya je ya yi binne, ya zuba irin geronsa duka a busasshiyar ƙasa, maƙwabtansa suka bi shi, tunda maganar mai ilimi ce. Yayyafi aka yi wanda ya isa iri ya tsiro, daga nan rana ta buɗe, komai ya ƙone. Da ruwan gaske ya zo, kawu sai roƙon iri ya yi gida gida.

Yanzu sunan ƙanena boka maƙaryaci a can. Kawu ya yi rantsuwa ba zai amsa gaisuwarsa ba. Na kai mishi gero ya maido, ya ce ba ni na cuce shi ba. Wallahi da ya mare ni ya fi mini sauƙi. Kuma ina jin haushin yaron ma, shekara bakwai bai ba ni kalma ɗaya da zan kare shi da ita ba, ni ne dai na gona, ni ne na shan dariya.

Wata mai kamawa ƙanena zai zo gida, jiya ma ya ce in tambayi kawu lambar takalminsa. Bai san komai ba.

Wa zan fara faɗa wa, shi ko kawu? Malamai, haƙƙin irin maƙwabtan nan duka a wuyana yake? Kuma in akwai wanda ya san wannan bincike na gamma, ya yi mini bayaninsa da Hausar da kawu zai gane. Ina so ran da zan ce ni ne maƙaryacin, in iya faɗin abin da yaron yake yi da gaske.