Tukunyar Wadi'a Ta Fita Yawo

Litinin, 31 ga Oktoba

Lamya jikata ta dawo daga makaranta rungume da kabewa. Wai za ta fafe mata ido da baki, yau yaran Beirut ke bin gidaje neman alawa. Na ce ba a gidana ba, ni Tanyus. Namu Idin waliyyiya Barbara ne, sai daren uku ga Disamba, kuma da baƙin tukunya muke ɓad da kama. Ta ce, "Ai Jiddo, bana babu Barbara a gidanmu. Teta Nazha ta ce muna makoki." Jiddo ni ke nan, kakanta; Teta Nazha kuwa yayata ce. Kabewar na ƙarƙashin matakala.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Matata Wadi'a ce ta koya mini haruffan nan bayan na yi furfura. Wata biyar ke nan da rasuwarta. In rubutun ya karkace, ba mai gyara mini.

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Bayan coci na tare yayata Nazha. Ta ce gidan da ba a cire baƙaƙen kaya ba ba ya buɗe ƙofa ga yara masu bin gidaje da waƙar Barbara. "Ka tsufa ba ka yi hankali ba, Tanyus. Me gari zai ce?" Na ce garin da ni nake tuna masa sunan kakanninsa? Tun aurenmu Wadi'a ba ta taɓa fashin dafa alkamar Barbara ba, har shekarar da ake harbe-harbe a bakin gada. Ita tana zubawa, ni ina ba yara labarin waliyyiyar: yadda ta shafa baƙi ta guje wa ubanta, alkama ta tsiro a bayanta ta rufe sawunta. In aka yi fashi sau ɗaya, shi ke nan. Na ga yadda al'adar ta mutu a gidan Sam'an bayan fashi ɗaya.

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Na gwada dafa alkamar. Tsakuwa. Kaji ma sun duba sun wuce.

Talata, 29 ga Nuwamba

Ta kama ƙasan tukunya. Lamya ta shigo tana toshe hanci. "Jiddo, ka jiƙa ta kuwa?" Jiƙa me? Ashe kwana take yi a ruwa. Ashe har da ɓawon lemo da kirfa, zabibi kuma sai an sauke. Ni da na san wanda ya dasa kowane zaitun a garin nan, shekara hamsin ina cin abin ban san wannan ba. Yarinyar ta sani, a gefen murhu ta girma. Na ce da ma gwada ta nake yi. Ta ce, "To na ci?"

Asabar, 3 ga Disamba

Yau kam sai na rubuta.

Alkamar ta dahu daidai. Mun zuba rumman a kai. Tun kafin faɗuwar rana na buɗe ƙofa, na fito da kujerata. Na ji waƙar yaran tun daga bakin rijiya. Da suka iso ƙofarmu sai suka yi tsit, suka wuce a raɓe da bango, kai a ƙasa. Iyaye sun gargaɗe su. Ni kuwa ba baƙin da ke ɓoye mini yaro, tafiyar kakansa nake gani. Na ce, "Kai mai tafiyar agwagwa, jikan Mitri, zo nan!" Sai da gudu.

Na zauna da tukunya tana huci. Lamya ta fara hawaye.

To. An ce kada a zo gidan makoki. Ba a ce mai makoki kada ya fita ba. Na shafo gindin tukunya na goga a fuska, na goga wa Lamya. Na yafa mayafin Wadi'a mai ruwan toka. Ba wutar lantarki a gari kamar kullum, iska kuma na kashe kyandir. Sai ga ta da kabewar nan, ashe ta fafe ta a ɓoye. Kyandir a ciki bai mutu ba. Na yi kamar ban gani ba.

Ƙofar Nazha na fara bugawa. Ta buɗe, ta kalli mayafin. "Ka haukace." Na ce, "Yaya, ranar arba'in ɗin Wadi'a me kika raba a ƙofar coci?" Ta ce dafaffiyar alkama, sadakar mamaci. Na ce, "To ga ta. Hana ni." Ta ɗebo da cokali ta tauna. "Sukari ya yi yawa. Ita ba ta cika hannu haka." Sai ta shiga ciki. Na ɗauka ta rufe ni ne, ashe ludayi ta je ɗaukowa. "Riƙe da kyau, tsohon banza, za ka zubar."

Kafin mu kai gida na huɗu yaran duk sun biyo mu. Su suna roƙo a ƙofa, mu muna zubawa a kwanon masu gida. Na ba da labarin a tsakiyar hanya. Jikan Mitri ya ci kwano biyu.

Lahadi, 4 ga Disamba

Bayana na ciwo. Tafin hannuna duk ƙuna.

Lahadi, 18 ga Disamba

Alkamar da Lamya ta shuka ranar Barbara a kan auduga cikin farantin kakarta ta kai tsawon yatsa. Ta tambaye ni ko baɗi ma za mu fita. Na ce sau ɗaya ne, al'ada ba a ƙirƙira ta da ka. Baɗi ƙofa za mu buɗe kamar yadda aka saba.

Jiya na kai tukunyar wurin maƙeri ya sa mata mariƙin katako, biyu, ɗaya ƙasa-ƙasa daidai hannun yarinya. Don ta ƙona ni ne kawai.

'Ya'yan kabewar da ke shanye a taga kuma na kaji ne. Na dai ce kada a ba su tukuna.