Ambulan Ɗin da Na Ɓoye a Littafinki

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta same ki ba, amma wa zan gaya wa?

Fatakwal tana nan da ruwanta. Mama ta koma tuya a bakin kasuwar Mile One. Baba har yau in ya sayo lemo, kashi huɗu yake yi, sai ya tuna saura mu uku.

Yaya, na yi gwajin jini, makaranta ce ta nema. Sati biyu ke nan ambulan ɗin sakamakon yana cikin littafin soyayyar nan naki mai yagaggen bango. Kin tuna faɗanmu? Ke shafin ƙarshe kike fara karantawa, wai ba ki da lokacin ɓatawa a kan labarin da zai ƙare da kuka. Na ɗauka wasa kike yi. Ban gane sikila ce ta koya miki ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Sadiƙu mai sayar da albasa kusa da inda keke ke tsayawa. Ban taɓa yi masa magana ba, ko sannu. Amma a raina har gida na gina mana a bakin ruwa, mai shuɗin labule, na sa wa 'yarmu sunanki. To ƙanwarsa ma sikila gare ta. Ina ganin idanunta, irin naki ne sak.

Bayan rasuwarki Mama ta ce an gargaɗe su ita da Baba kafin aure cewa jininsu bai dace ba, suka ce Allah na nan. Ni ban samu ciwon ba, ke kika samu. Shin da kin yafe musu? In da sun fasa, da ke da ni duk babu mu. Wannan nake ta juyawa har kaina ya yi ciwo.

Ɗazu na yi irin naki, na fara daga ƙarshe. Na buɗe ambulan ɗin. AS ne, Yaya, irin na Mama da Baba: ba ni da ciwon, amma ina ɗauke da shi a jinina.

Ban rushe gidan ba tukuna, labulen kawai na sauke. Gobe zan je sayen albasa. Ki taya ni dariya: maganar farko da zan yi masa a duniya ita ce ko ya yi gwajin jini.

Allah ya haskaka makwancinki.

Ƙanwarki mai jin kunya,
Rabi