Inna Ta Hana In Gaya Ma Ɗanta

Malama Hassana, mi mutum za shi yi in an ba shi amanar da ka iya kashe mai ita? Don Allah ki taimake ni.

Ni baƙo ni ke nan Taloka. Bana niz zo daga ƙauyenmu na Rabah, bayan ɓarayin daji sun tashe mu. Yayar mahaifiyata, Inna Uwaliya, ita ta riƙe ni, ta ba ni gefen gonarta ina albasa da ruwan dam. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Inna na da ɗa, Yaya Junaidu, malamin jami'a ne. Wai bincike shi kai kan ciwon daji, kuma kan duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ban san yadda waɗanga sunka haɗu ba. An yi hira da shi rediyo, anka ce malamman duniya sun ambaci ayyukanai sau dubbai cikin nasu rubutu, wai har ƙidaya a kai. Ranar mutane sunka cika gida da barka. Inna ta shige ɗaki, don ɗanta na fari ne. Ba ta faɗin sunanai, in ya gaishe ta ma bango ta ka kallo.

To Malama, Inna na da ƙulli ga mama, ya daɗe, yanzu har ya fara ruwa. Ni ta ka aike kasuwar Goronyo wurin mai saiwoyi, shi ya sa nis sani. Ta sa na yi alkawali ba ni gaya ma kowa, balle shi. Tac ce uwa ba ta kai ma ɗan fari zancen jikinta. Asibiti kuma ta ƙi.

Yanzu haka shina gari, shina bin rijiyoyi da kwalabe shina ɗibar ruwa, bayan Juma'a shi koma. Jiya ya tambaye ni ko Inna lafiya, ya ga ta rame. Nic ce azumin nafila ta kai. In na faɗi, na ci amanar wadda ta ba ni wurin kwana. In na yi shiru, ban san mi za ya faru ba. Na gaji. Bari in tafi, an sako ruwa kuma layinmu ne.

Baƙon Taloka

Ɗana, sannu. An ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka.

Ambaton da ka ji a rediyo kamar yadda malamanmu ke kafa hujja da maganar malamin da ya gabace su ne. Yana nuna masana sun amince da aikin yayanka, amma ba ya duba mara lafiya. Ƙulli mai ruwa aikin likita ne, kuma ba ya jira. Amfanin Junaidu a nan shi ne ya san ƙofar da za a buga.

Kada ka ga laifin Inna. Da wannan kunya aka raine ta, kuma akwai tsoro a ƙarƙashinta. Sai dai bakinta kawai al'adar ta hana, ba ta hana a aika ba. Da ma a gidajenmu ƙanwar uwa ko gwaggo ce ke isar da irin wannan magana ga ɗan fari.

Ka fara da ita. Ka durƙusa ka ce ba za ka iya ci gaba da riƙe alkawarin nan ba, kuma ka daina sayo saiwoyi. Ka roƙe ta ta zaɓi dattijuwar da za ta yi magana a madadinta, ka kuma shaida mata za a nemi mace ta duba ta. Idan ta ƙi, ka gaya wa Junaidu da kanka kafin ya bar gari. Za ta yi fushi, wataƙila ta daɗe ba ta amsa gaisuwarka ba. Ka jure, mai rai ce ke fushi.

Allah ya ba Inna lafiya, ya sa albarka a albasarka.