Irin Gero Ya Tsiro a Motar Maigidana

Zuwa ga Baba Kalilu,

Assalamu alaikum. Baba, don Allah ka taimake ni kafin hadari ya sake haɗuwa, domin abin da ke damuna ba ni da wanda za ni faɗa wa a garin nan. Ka yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya. Jaridarku ma sai ta kwana biyu take iso ni, a hannun malamin firamare in ya dawo daga kasuwar Isa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Isa da Sabon Birni. Maigidana direba ne, yana da tsohuwar wagon da yake ɗaukar 'yan kasuwa, yau Isa, gobe Sabon Birni, wani lokaci har Burkusuma. Da farin rashin ruwa ya shiga shekara ta biyu, kasuwa ta mutu. Wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ba ya hawa mota, da ƙafa yake komawa gida. Sai maigida ya yi kudu neman tuƙin babbar mota. Ran da zai tafi ya tura wagon ɗin ƙarƙashin rumfar kara a bayan ɗakina, ya ɗora ta a kan duwatsu, ya miƙo mini makulli, ya ce in riƙe masa amana har ya komo. Yau wata goma sha tara, wasiƙarsa biyu na gani. Ɗiyata ɗaya ce, tana aure a Bafarawa, su ma sun bi mutane sun yi kudu. Gidan da a da ake ɗora babbar tukunya, yanzu daga ni sai kaji uku, su kuwa ba su iya hira ba.

Bara gonarmu dami huɗu ta ba ni. Na zauna na zaɓi zangarniyoyi masu ido, irin geron da na taho da shi daga gidan ubana ne, mai saurin nuna. Na sussuke, na ɗura a ƙananan buhuna uku, na ce wannan ko za ni mutu ba zai ga turmi ba. To ina za ni ajiye? Gara ta ci gindin rumbunmu ya zube. Ɗaki kuwa kowa na shiga. Sai na tuna mota tana da makulli. Na jera buhunan a ƙasan kujerar baya na rufe da tsohon bargo. Gaskiya ba don mutane kaɗai na kulle ba, har da kaina, domin akwai ranakun da na yini a kan ganyen tafasa da ɗan gishiri.

Ana nan sai na ga tururuwa sun yi layi suna hawa motar. Na durƙusa na leƙa, na tarar kowace ƙofa tana da ƙananan huji biyu ko uku a ƙasanta. Na ce tsatsa ce ta ci wa bawan Allah mota bai sani ba. Na kwaɓa laka da kashin shanu yadda muke yaɓe rumbu, na toshe su ɗaya bayan ɗaya, da ta bushe na bi da ƙaro. Robar da ke zagaye da ƙofofin kuma na ga ta tsattsage kamar faso, musamman bayan da na kwance karan rumfar na ba akuyata kafin in sayar da ita, rana ta samu motar yadda take so. Na ɗauko ragowar baƙin mai a galan ɗinsa na shafe ta tas. Ranar har daɗi na ji, na ce na cika amana.

Ran Talatar da ta wuce da hantsi aka yi ruwa, na farko a bana, mai ƙarfi amma bai daɗe ba. Garin nan har da masu kuka don murna. Ni ban duba wajen buhunan ba sai bayan kwana uku, don na san na liƙe ko'ina. Da na ja ƙofar baya sai na ji ruwa na kaɗawa a cikinta kamar a tulu. Ƙasan motar ya jiƙe sharkaf, bargon na wari. Buhun da ke jingine da ƙofar hagu ya kumbura, fararen saiwoyi sun huda shi sun fito. Baba, irin da na hana cikina, shi ne ya tsiro a inda ko ƙasa babu. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ran da maigida ya tafi. Buhu biyu sun tsira, gindinsu kawai ya yi sanyi.

Za ka ce in kira bakanike daga Isa. Ba za ni iya ba, domin zai ga buhunan, kuma kafin ya kai bakin hanya gari ya ji. Akwai maƙwabciyata Larai, katanga ɗaya ce tsakaninmu, tare aka kawo mu garin nan. Mijinta ma ya tafi, sun cinye irinsu ita da 'ya'yanta huɗu tun cikin rani. Wata uku da suka wuce ta shigo ta ce ko da cikin tafin hannu ne in taimaka mata da gero. Na kalli idonta na ce ba ni da ko ƙwara. Tun ranar ban iya haɗa ido da ita ba. Na canza lokacin zuwa rijiya. In na ji sallamarta sai in yi shiru kamar ba na nan, har ta daina. Yanzu bayan la'asar sai in buɗe ƙofar gaba in zauna a kujerar fasinja, ban taɓa zama a ta maigida ba. Carbinsa na nan rataye a madubi. In ba shi labarin abin da ya faru a yini, in rufe in koma ɗaki. Kaɗaici ya ishe ni, Baba, kuma ni na jawo rabinsa.

Ta ina ruwan nan ya shiga bayan na toshe ko'ina? Me za ni ƙara liƙewa? In ɗayan biyun nan ya sake jiƙewa, ban san abin da za ni shuka ba, ban kuma san abin da za ni ce wa mai motar ba.

Taka,
Mai Gadin Wagon

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Na ɗora wasiƙarki a kan sauran saboda hadari ba ya jiran layi.

Kada ki ƙara liƙe komai. Hujin nan da kika toshe ba tsatsa ba ce, da su aka ƙera ƙofar. Na yi shekara goma sha ɗaya ina fama da tsohuwar mota, kuma na sake tambayar mai gyaran jikin mota kafin in rubuta miki. Duk lokacin da aka yi ruwa, wani ruwan yana bin gilashi ya gangara cikin ƙofa, ko a sabuwar mota. Ta waɗannan huji yake fita ya zube ƙasa. Ke kuwa kin yaɓe su da kyau, aikin 'yar manoma, sai ƙofar ta zama randa, da ta cika ta yi ambaliya a kan buhunki. Garin neman gira ke nan. Ban ga laifinki ba, dabarar da ta tsare rumbun kakanninki ce, mota ce ba ta san ta ba.

Yau ɗin nan ki fara fitar da irin. Mota rufaffiya a rana tanda ce, zafi na kashe iri kamar yadda laima ke ruɓar da shi. Ki baza shi a tabarma a inuwa ya sha iska, sannan ki zuba a busasshen tulu da toka, ki rufe bakin da laka. A nan ne yaɓenki zai yi amfani, tururuwa ma ba za su same shi ba. Ki ƙirga ƙwara ashirin daga kowane buhu ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana uku, ki ga nawa za su fito. Ina kyautata zato, domin tsiron da ya sa ki kuka shi ne shaidar cewa irin na da rai.

Sannan ki sami tsinke mai ƙarfi ko guntun waya ki farfasa lakar nan, ki zuzzungura har ruwan da ke kwance ya tsiyaye. Ki fitar da bargo da shimfiɗar ƙasan motar ki shanya, ki bar ƙofofi a buɗe yini biyu, in ba haka ba tsatsar gaske za ta zo. Baƙin mai kuwa maƙiyin roba ne, yana sa ta yi laushi ta saki. Ki wanke shi da ruwan sabulu, ko ragowar na wanki ne, ki goge. Don ki gane inda robar ta mutu, ki sa takarda a bakin ƙofa ki rufe ki ja. Inda ta riƙe, lafiya. Inda ta zare salin-alin, nan ruwa zai bi. Ki yanka tsohon tub na taya siri-siri ki manna a wurin da sholishon masu faci, zai riƙe har mai motar ya dawo ya sayi sabuwa. Ki kuma rufa mata tampol ko zana biyu, su sauko har ƙasan gilasai.

Yanzu ga maganar da ba ki tambaye ni ba. Ɓoye iri a shekarar yunwa ba rowa ba ce. Wanda ya daka irinsa ya ƙoshi kwana uku, ya yi yunwar shekara, kuma da kin buɗe buhun nan a rani da yanzu babu abin da za ku shuka, ke da Larai duka. Amma kin ce mata babu alhali akwai, kuma abin na cin ki ne don kin san ba halinki ba ne. Ita ma uwa ce da yara huɗu, ba ta roƙe ki don wasa ba. Rani ya wuce, dalilin ɓoyon ya ƙare.

Ki yi tunani a kan ranar shuka. Wa zai riƙe sungumi yana sara, wa zai bi baya yana zuba iri yana rufewa da diddige? Ke kaɗai za ki yi duka biyun kafin ƙasa ta sha ruwanta? Ga shi a irin shekarun nan ruwa kan sauka a wannan gona ya tsallake ta kusa da ita. Irin ubanki ya fi tsira a gona biyu fiye da ɗaya. Kada ma ku zuba shi duka a ruwa guda, ku rage na sake shuka.

Buhun da ya tsiro, in bai yi fumfuna ba, ki shanya ki niƙa, kunun tsiro na da zaƙi. Ki dama, ki cika ƙwarya, ki zagaya katangar nan ki yi sallama. Ki faɗa mata gaskiya kafin ta tambayi inda kika samo. Mai yiwuwa ta ɓata rai, haƙƙinta ne, ki jure. Maigida kuma ki rubuta masa duk abin da kika rubuta mini, carbi ba ya kai saƙo.

Allah ya ba ku damina mai albarka, 'yata. Allah ya dawo da mai wagon lafiya, ya tarar da motarsa a bushe, ya tarar da geron ya fi shi tsawo a gonarki da ta Larai.

Baba Kalilu