Katin da Hafiza ta kawo

Alhamis, 6 ga Yuni
Shekara goma sha ɗaya ke nan da na zuba dami bakwai na gero a rumbun ƙungiyar ƙauyenmu, aka ce sun ɓace. Har yau ba wanda ya zauna ya gaya mini ina suka tafi. Na rubuta ne don kada a ce na manta. Ban yi lakwal ba, wato boko, amma ajamina na nan.
Yau Hafiza, ɗiyata mai koyarwa a Tasawa, ta kawo mini kati na banki. Wai in ciri bashi da shi, har jika ɗari, sefa dubu ɗari ke nan. Ita ta tsaya mini. Ta ce, "Baba, ƙarshen kowane wata ake biya. In ka biya duka cikin watan, ba ruwa a kai." Na ce na ji.

Litinin, 10 ga Yuni
Na hau moto zuwa Tasawa. Na tura katin cikin bango, bango ya tofo kuɗi. Ba sallama, ba shaidu. Taki buhu biyu, irin wake, taya ɗaya na amalanke. Jika sittin.
Sha'ibu maƙwabcina ya ce a ara masa goma. Na ciro masa. Abin ba wuya.

Talata, 9 ga Yuli
Hafiza ta kira, wai wata ya ƙare. Na ce gero ko gwiwa bai kai ba, da mi zan biya? Tun kakannina bashin damina da kaka ake biyansa. Mai kuɗin in ɗan ƙasar nan ne ya san haka.
Ta ce, "Ba mutum ba ne, Baba." Na kashe wayar.

Juma'a, 16 ga Agusta
Ruwa ya yi kyau. Saƙo na ta shigowa waya da Faransanci. Ban ba kowa ya karanta ba.

Laraba, 11 ga Satumba
Asiya, matata, ta kai wayar wurin malamin lakwal ba da sanina ba. Wai bashin ya haura saba'in ɗin da na ci, kuma yana ƙaruwa. Da ta dawo ta ce mini, "Malam, in ya ci gaba haka sai dai Ɗan Ja ya tafi kasuwa."
Ɗan Ja sana ne, shi ke jan amalanke. Da shi muke cin abinci duk rani, jigilar ruwa da kara. Na ce mata sa na nan inda yake.
Kuɗin ruwa. Ni Na Allah, da tsufana.

Asabar, 5 ga Oktoba
An gama yankan gero. Sha'ibu ya kawo nasa goman da dami, kamar yadda aka saba. Mutum ke nan.

Litinin, 21 ga Oktoba
Na ɗora dami ashirin a amalanke tun da safe, daga ƙauyenmu Korgom har ƙofar bankin. Na zaɓi masu tsawon kai. Na ce wa mai gadi a kira mini mai kuɗin, na kawo biya.
Ya dubi damman, ya dubi Ɗan Ja. Ya ce, "Baba tsoho, nan ba sito ba ne." Masu jiran layi suka yi dariya. Wani har ya tambayi nawa dami.
Wata yarinya a bayan gilashi ta duba takardu. Ta ce ai ba a bar bashin haka ba, wata huɗu ana biyan ɗan kason da ya wajaba. Daga albashin Hafiza ake cirewa. Shi ya sa ba a zo mini gida ba.
Na ce wa ya ce ta biya? Yarinyar ta ce, "Ita ta sa hannu, Baba."
Na juyo da damman. Ɗan Ja ya yi tafiyar banza sau biyu da kaya. Ban biya ta gidan Hafiza ba.

Talata, 22 ga Oktoba
Ban fita ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Na sayar da waken duka da dami goma sha biyu, farashin kaka, arha kamar kyauta. Da tun Yuli na riƙa rage shi da kuɗin jigila, da rumbu bai ji haka ba. Ban gaya wa Asiya wannan ba.
Ranar Juma'a na kai kuɗin banki da kaina. Saura jika tara. Sa bai tafi ba.

Talata, 12 ga Nuwamba
Katin na cikin kwallar Asiya, ƙarƙashin zannuwa. Ba don tsoro ba, aljihuna ne ya huje.
Na ɗaura igiya jikin ƙofa, ƙulli uku, jika uku uku, kowane kafin wata ya mutu. Na kwance na farko jiya, saura kwanaki ma. Na aika wa Hafiza dami huɗu. Ta kira ta ce, "Na miye, Baba?" Na ce gero ne ya yi mana yawa.
Amma maganata na nan. Na ci bashi, ina biya, har da ruwan da ban yarda da shi ba, kuma ban taɓa ganin fuskar wanda ke bina ba. Na dami bakwai ma haka aka yi mini. Ranar ƙulli na ƙarshe zan shimfiɗa buzuna a ƙofar bankin nan, ba zan tashi ba sai wani ya fito ya ce mini, "Ni ne mai kuɗin." A fito a amsa mini.