Gurbin Acci a Littafin Gidan Ludekens

Galle, Fabrairu 1962

Dulcie aminiyata,

Gaisuwa mai tarin yawa da kewa. Yaya Melbourne, yaya maigidan, yaya ƙafar nan taki da kika ce tana kumbura? Ina fata yara sun saba da makaranta. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya hana ko karnukan bakin ganuwa yin haushi.

Kin san cikina ba ya riƙe magana idan ke ce. Ƙanena Aubrey ya ƙudurta sai ya bi sahunku. Tun da aka ce ma'aikacin gwamnati sai ya iya yaren Sinhala a rubuce, ya ga ba shi da gaba a aikin jirgin ƙasa. Mutum da furfura a gemu, a ce ya koma koyon baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya! Ban ga laifinsa ba, ga 'ya'ya uku. Amma kin fi ni sanin abin da aka tambaye ku kafin a bar ku ku shiga: shaidar asali, a nuna jinin Turai ya kai kashi uku cikin huɗu.

Shi ya sa ranar Lahadi ya zo ya ce in buɗe masa akwatin katakon nan na ɗakin sama. Kin tuna shi, wanda muke zama a kai muna cin ɗanyen mangwaro da gishiri. Komai na ciki: takardar da kamfanin Holan ya ba Hendrik Ludekens, na farkonmu da ya sauka a wannan gaɓa, da wasiyyoyi, da shaidun baftisma, da babban Littafi Mai Tsarki da ake rubuta haihuwa da aure a bangonsa. Wai mu ne jikokin Holan, amma duk gidan babu mai iya karanta layi ɗaya na yarensu. Abin dariya.

Aubrey ya zauna da fensir yana raba jininmu kamar mai raba kifi a kasuwa. Bai kai ba, Dulcie. Acci, kakarmu ta wajen uba, ita kaɗai ta cinye kashi ɗaya, ga kuma ɗan gauraye ta wajen Mama. Sai ya nuna min bangon Littafin. Kakanmu Cornelis ya jera sunayen 'ya'yansa bakwai, amma gurbin uwarsu fanko ne, don ubansa ya rantse ba za a sa sunan 'yar ƙauyen Sinhala kusa da na Hendrik ba. Can ƙasan akwatin kuma akwai shaidar baftismar wata Petronella Wambeek, sa'ar Acci, wadda ta mutu tana ƙarama, danginta kuma sun ƙare. So yake in rubuta ta a gurbin, tunda rubutuna irin na kakan namu ne sak.

Ya ce, “Yaya, layi ɗaya ne fa.”

Na ce, “Layi ɗayan nan shi ya goya ka da Mama ta rasu, mara kunya kawai.”

Ya ce, “To ki ba 'ya'yana takarda su ci.”

Na kore shi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Acci tana ƙasa tana saƙar leshinta, ba ta san ana shirin share ta tana raye ba. Ki faɗa min gaskiya, in ke ce ya za ki yi?

Ki gaishe min da kowa.

Taki,
Noeline

Galle, Afrilu 1962

Dulcie,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, na gode. Na yi murna ƙafa ta sace, ki dai rage gishiri. Kin ce in bi zuciyata. Sannu da shawara! Da zuciyar tana da hanya ɗaya ai da ban dame ki ba.

An riga an gama, kuma ba ni na yanke ba.

Kin san al'adar Acci. Kafin damina ta faɗo sai ta sa a sauko da akwatin, ta shimfiɗa farin zane a baranda, ta shanya takardun ɗaya bayan ɗaya, ta sake zuba kanumfari da busasshen ganyen darbejiya saboda gara. Tun tana amarya take yi, ba wanda ya sa ta. Da don mu ne, da tuni ƙwari sun gama da Hendrik da zuriyarsa. Tana cikin shanyar ina taya ta, sai ta ɗago Littafin ta ɗora min a cinya.

Ta ce, “Je ki ɗauko alƙalami.”

Na yi kamar ban gane ba. Ta ce, “Ke, kunne ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana aiki. Kuna ta ihu a kaina kamar masu gwanjo, kuna zaton ina kabari?”

Na fashe da kuka, na ce ba zan iya ba. Ta harare ni. Ta ce, “Kakanku bai rubuta ni ba, kuma hakan bai hana ni haifa masa bakwai ba. Wurin da ma a buɗe yake. Ita yarinyar kyakkyawa ce?”

Na ce, “Acci, ko makaranta ba ta shiga ba ta mutu.”

Ta ce, “Allah sarki. To sa ta, ta samu miji. Naƙudar dai na riga na yi mata.”

Dariya ta kama ni ina hawaye. Na surka tawada da ruwan shayi kamar yadda Aubrey ya ce, don ta yi kama da tsohuwa, na rubuta. Ita ta danne min shafin don kada iska ta ɗaga shi. Da na gama ta leƙa, ita da ba ta san baƙi ko ɗaya na Turawa ba, ta ce, “Kai, sunan nan da tsawo.” Sai ta koma kan shanyarta.

Dulcie, haushi nake ji, kuma ban san wa zan ɗora wa ba. Kakanmu da ya bar gurbin? Mutanen da ke auna jini? Aubrey? Da ya zo karɓar Littafin ya durƙusa gabanta. Ta shafa kansa ta ce ya sayi rigar sanyi mai kauri, ƙirjinsa ba shi da ƙwari tun yana yaro.

Idan Allah ya sa suka iso, ki nuna wa matarsa inda ake samun garin barkono na kirki.

Taki kullum,
Noeline

Galle, Satumba 1963

Dulcie 'yar uwata,

Ina gaishe ki da maigida da yara. Na gode da ta'aziyya, kalamanki kan rashin Acci sun sanyaya min rai. Ni dai ga ni nan, gidan ya yi min girma.

Kin ce Aubrey ya ga sanarwar rasuwar a jarida, ya ga babu sunansa, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, kuma yana cewa ramuwa na yi. Ki karanta masa wannan, tunda ya ƙi buɗe wasiƙata.

Acci ta yi jinya gajeriya. Da ta ga jiki ya ƙi, ta kira ni ta ce abu ɗaya take so. Duk tsofaffin unguwar nan idan sun mutu ana sa su a jarida, ita ma a sa ta, kuma da sunan da uwarta ta raɗa mata. Na ce an gama. Ban hango wahalar ba sai da na zauna rubutawa.

Ke kin san yadda mutanenmu suke da shafin mamata. Ana yanke shi a aika muku, ku yi ta miƙa wa juna a ƙofar coci, wanda bai san mamacin ba ma sai ya karanta ya lissafo dangi. Aubrey kuwa har yanzu bai zama ɗan ƙasa ba. Magana a baki iska ce, kowa a can ya san Acci, kuma kowa yana da tasa kakar da ya ɓoye. Amma abin da aka buga a jarida yana iya kaiwa teburin da bai kamata ba. Idan na ce matar marigayi Cornelis Ludekens, to wace ce Petronella? Idan na ce kakar Aubrey na Melbourne, na tona shi da hannuna.

Na rubuta na yaga, na sake rubutawa. Na cire kakanmu. Na cire Baba da 'yan uwansa shida. Na cire Aubrey da 'ya'yansa. Na cire sunan gidanmu daga jikin nawa. Abin da ya rage shi ne wanda kuka gani: Setuhami ta Habaraduwa, mai saƙar leshi, kakar Noeline. Matar da ta cika gida da mutane ta fita a jarida da jika ɗaya tak, kamar wadda ba ta taɓa aure ba. Da na ga shafin da safe ban iya shan shayi ba.

Ki ce masa ban rama komai ba. Na cika mata alkawari, shi kuma na rufa masa asiri, kuma ban sami hanyar yin biyun ba sai wannan. In yana son kuka ya yi, ya cancanta, shi ne ɗan gaban goshinta.

Ina roƙonki abu ɗaya. Ƙaramar 'yarsa Ione tana son ki. Idan ta zo wasa gidanki, ki zaunar da ita ki koya mata faɗin sunan, Setuhami, har ya zauna mata a baki. Ba sai kin gaya mata na wace ce ba tukuna. Ta dai iya faɗa.

Allah ya bar mu tare.

Taki,
Noeline