Abin da Kaka Hamsatu Ta Gani a Cikin Kaske

Gudel, Yamai

Zuwa ga mijina Abdulrazak, wanda ya gudu ƙasar Sin ya bar ni da cefane.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, in ban da zafi da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Kakarka ce Hamsatu, da hannuna nake rubutawa, yayarka Ramlatu za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka ta waya. In ka ga baƙaƙen sun yi ƙiba kamar ƴaƴan kabewa, kada ka yi dariya. Karatun manya na yi, kuma layin takarda ya fara ɓuyar mini.

Kayanka sun iso butik, shagon nan naka. Ramlatu ta sa ni a taksi har bayan kasuwar Peti Marshe don in ga kishiyar da ta hana ka dawowa. Na taras da samari sun cika ƙofa, an ɗaura wa wani ƙato akwati a fuska, yana dukan iska yana ihu kamar wanda rina ta shiga wa riga. Aka ce sunan abin kaske. Wai wanda ya sa shi sai ya tsinci kansa a wata duniya, wai kuma saboda shi mutane za su sayi akwatin wasan nan naka da ake jonawa da tele, konsol. Na ce a miƙo, ai kayan mijina ne. Sai da aka ture mini ɗaurin kallabi kafin ya zauna.

Ka san abin da na gani? Kogi. Gudel ta dā, tun ba a cika bakin ruwa da gine-gine ba. Ga kakanka Isaka, Allah ya jiƙansa, yana ban ruwan ganyen salati a garka, wandonsa a naɗe har gwiwa, ga dorina ta ɗago kai tana yi masa kallon raini. Na ce, Malam, na yi sabon miji, amma ba ya kwana gida. Ya ce in kai ƙara wajen mai unguwa. Samarin butik har da masu faɗuwa ƙasa don dariya.

To, ga magana yanzu. Idona yana tafiya, Abdu. Na hagu ya riga ya yi sallama, na dama yana ɗaure kaya. Rabona da fuskarka tun ba ka iya zaɓen riga ba. Ka zo in gan ka tun da sauran haske. In ka ƙi, to, sai ka zo shan gumba.

Ka gaida Sinawa. Allah ya tsare, ya yi albarka.

Matarka da ka yi wa yaji,
Hamsatu

*

Guanzu, ƙasar Sin

Zuwa ga amaryata, tsohuwa mai ran ƙarfe.

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki, na gaida mutanen gida da ƴan garka baki ɗaya. Takardarki ta iso, na karanta wa abokan zamana, sun ce in ba na so su suna so.

Kaka, babu Gudel a cikin kasken nan. Ni na zuba abin da ke ciki: tseren motoci, dambe, sai ƙarƙashin teku. Babu salati, babu dorina. Amma na yarda, naki ya fi nawa daɗi.

Maganar ido kuwa, tun ina goye kike mutuwa. Da zan tafi karatu lakwal a Maraɗi, ƙafa ce. Da zan taho nan, zuciya ce, har kika raba mana kwanukanki, washegari aka gan ki a Peti Marshe kina faɗa da mai kifi. Gumbar nan na jira ta har na cire rai.

Bari in gaya miki abin da ya riƙe ni. Konsol ya daina tafiya kamar dā, yara sun koma wasa a waya. Masu kaya a nan suna cewa kaske ne zai tayar da kasuwar, domin irin wanda na aika ba ya aiki sai da konsol, wanda ya ɗanɗana ɗan dole ya sayi uwar. Wasu kuma sun ce wutar kara ce. Shi ya sa na aika kaɗan a gwada kafin in cika kwantena. In na fita yanzu, ba lalle in sake samun biza ba, kuma akwai masu jiran wurina wajen mai ba ni kaya. Ki ba ni zuwa bayan Babbar Salla.

Tunda kin ƙi kiran bidiyo, kin ce ba ki son miji a cikin madubi, na sami dabara. Wani abokina yana da kamara mai ɗaukar ko'ina, na ɗauki kaina a ɗakina ina yi miki magana. Yaya Ramlatu za ta zuba miki a kaske, za ki gan ni tsaye gabanki kamar ki miƙa hannu ki ja mini kunne.

Sannan na ɗauke ki aiki: ki zauna mini a butik ki lura. Masu sa kaske suna saye, ko kallo kawai suke yi?

Ki ci gaba da yi mini addu'a. Na bar ki lafiya.

Angonki,
Abdulrazak

*

Gudel, Yamai

Zuwa ga Abdulrazak.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Ramlatu ta ce layukana suna hawa kan juna kamar awaki a mota, ka yi haƙuri ka raba su.

Aikin da ka ba ni na yi. Na zauna a kujerar roba a lungun butik na kasa kunne. Samari suna layi, kowa ya sa, ya yi ihu, ya cire yana zufa, wani ya ce jiri, ya fita ya sayi ruwan sanyi wajen Zeinabu mai firigo. In dai akwai kasuwar da kaskenka ya tayar, ta Zeinabu ce, har ta ce in gaishe ka.

Wani alhaji daga unguwar Koira Kano ya sayi konsol da kaske. Bai daɗe ba ya dawo da kasken. Ya ce gidansa ya zama filin dambe, yaro ɗaya yana gani, sauran suna kallon ƙeyarsa. Konsol ɗin ya riƙe, ya ƙara abin hannun nan da kuke ce wa manet, don su yi ƙwallo su duka suna zagin juna. Wani kuma ya sayi duka biyun, shi bai dawo ba. Akwai wanda ya zo ya sa, ana tsakiyar tsere aka ɗauke kuran, ya zauna cikin duhu yana tambaya ko ya mutu ne. Ka auna da kanka, ni ba ƴar kasuwa ba ce.

Saƙonka na kaske ya iso, an sa mini. Ka yi ƙiba, ka tara gemu, farin kaftanin nan ya karɓe ka. Muryarka ta kakanka ce sak, har inda yake tsayawa ya haɗiyi yawu.

Abdu, na rasa ta inda zan yi maka magana ka ji. Tsakanin kaka da jika wasa ne, haka muka taras, ko zagi aka yi dariya ake yi. An koya mana shiga wasan, ba a koya mana ƙofar fita ba. Yau na ajiye miji, na ajiye ango. Ɗan Balkisa, da kai nake. Babbar Salla ta yi mini nisa. Ka zo.

Allah ya yi maka albarka.

Hamsatu

*

Guanzu

Yaya Ramlatu,

Salam. Ina gaisuwa, ya yara, ya fama da butik? Na ga bayanin ciniki, za mu yi maganarsa.

Wani abu ya tsaya mini a rai. A bidiyon da na aika, jar rigar ƙwallo ce a jikina, da safen na yi aski, kuma kin san na rame. Kaka ta ce ƙiba, gemu, farin kaftani. Da farko dariya na yi, na ce ta sake shirya tatsuniyarta. Sai na kai ƙarshen takardar.

Yaya, ta rubuta sunan Mama. Ƴar farinta ce, tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ko ranar da aka kai Mama makwanci "yarinyar nan" ta ce. Don Allah ki faɗa mini gaskiya. Wasa take yi?

Ƙaninki,
Abdulrazak

*

Yamai

Abdulrazak,

Wa alaikas salam. Muna lafiya. Tunda ka tambaya, zan faɗa, ko da ta hana ni. Ta ce in maganarta ba ta kawo ka ba, ba ta son tawa ta kawo ka.

Ba wasa take yi ba. Na kai ta wajen likitan ido tun kafin azumi. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci ba ta faɗa ba. Na hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, kuma kafar tana ƙara tsukewa. Ana ɗiga mata magani safe da yamma, likita ya ce jinkirtawa kawai yake yi. Na tambaye shi ko idon zai kai Babbar Salla, ya ce shi ba zai yi mini alkawari ba. Kiran bidiyon da ta ƙi, ba ƙi ba ne. Ba ta son ka ga tana kallon gefen wayar.

Ranar farko a butik ba ta ga komai a kasken ba sai hazo. Samari sun zuba mata ido suna jiran su ji, ita kuwa ka san ta, ba ta barin taro ya watse hannu wofi. Sai ta ba su Gudel.

Ranar da na sa mata naka, a tsakar gida ne. Da ka yi sallama ta amsa, ta juya ta bi muryarka, ta miƙa hannu ta taɓa bango. Ta ce in maimaita. Na maimaita har aka ɗauke kuran. Da na cire mata, wurin da ya zauna a fuskarta ya jiƙe, ta ce zufa ce. Ta tambaye ni, "Wace riga ya sa?" Na ce ba zan faɗa ba, Kaka, ki rubuta masa cewa ba ki gani ba. Ta ce, "Yaro ya wahala ya ɗauko kansa ya aiko, in ce ban gani ba?" Ta ɗinka maka kaftani da bakinta.

Har yanzu tana gane fuska in mutum ya matso kusa, da hantsi, a waje. Jiya ta riƙe haɓar ƙaramar ɗiyata Anisa tana jujjuya ta a rana, ta ce tana ajiya ne.

Maganar kasuwa kuma, tunda ita kake jira: ban sani ba, Abdu. Kaske yana tara mutane, wannan gaskiya ne, ba a taɓa cika butik haka ba. Konsol ya ɗan motsa, amma ban iya rantsewa saboda kaske ne ko saboda hutun lakwal. Wataƙila sai an shekara kafin a gane. Masu kayanka ma da suke da injuna ba su sani ba, balle ni. Kai kana iya jiran amsar. Ita ba ta iyawa.

Ban ce ka zubar da abincinka ba, na san abin da ka sha kafin ka sami wurin nan, mu ma da shi muke ci. Na dai faɗa maka abin da ke nan. Sauran tsakaninka da Allah.

Yayarka,
Ramlatu

*

Gudel, Yamai

Jikana,

Assalamu alaikum. Ramlatu ce ke rubutawa, ni ke faɗa. Alƙalami ya sake ni.

Ta karanta mini saƙonka. Ta ce ka bar kwantena ba cikawa, jirginka zai sauka ranar Alhamis bayan magariba. Allah ya mayar maka da abin da ka bari, ya kawo ka lafiya. Munafukar da ta kai tsegumina kuma, ga ta nan tana rubuta sunanta da hannunta.

Kada ka zo mini a ranar. Ka kwana gidan yayarka. Ka zo Juma'a da hantsi, za ka same ni a ƙofar ɗaki, inda rana take faɗowa. Kada ka tsaya daga nesa kana gaisuwar ƴan birni. Ka durƙuso kusa, ka cire hula, ka yi shiru, kada ka ba ni dariya ido ya kawo ruwa.

In na gan ka, zan faɗa maka. In ban gan ka ba, shi ma zan faɗa maka.

Sai ka iso.

Kakarka,
Hamsatu